Likkafani a Ɗakin Yadi

Shekara shida na yi ina ɗinki a wani shago a Wunti, cikin garin Bauchi. Mu uku ne a ciki. Akwai maigidanmu, dattijo mai sanyin magana da muke kira Baba. Akwai ni, mai aikin wuyan riga a keken ɗinki. Sai ɗan gwaggona, wanda shi ke yanka. Da wata bakwai kacal ya girme ni, amma tun muna yara yake fakewa da taubasantaka yana yi mini abin da ya ga dama. In na kai ƙara gida, sai a ce wasa ne, ai taubashinka ne. Jikin shagonmu kuwa akwai wata mata 'yar kudu mai sayar da zare da maɓalli da zif, kowa Madam yake ce mata. Ta fi shekara ashirin a Bauchi, Hausa ta zauna a bakinta, sai dai mace da namiji duk "shi" ne a wurinta.

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan wata ƙaramar Salla, lokacin da aiki ke ɗaukewa cak, tela ya wuni yana hamma. Baba yana da ƙaramar talabijin mai aiki da batirin sola, wadda yake jin labarai da wa'azi a cikinta. Wata Laraba bayan azahar taubashina ya zo da filashi, ya ce ya samo fim fassarar Hausa wanda duk gari ke maganarsa. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce na faɗa ne kawai. Madam ta jawo kujerarta ta shigo, aka tura ƙofa rabi don hoton ya fito sosai.

Ba a yi minti goma ba na gane ƙarya ya yi mini. Wata cuta ce ta shiga wani gari, duk wanda ta kashe sai ya miƙe da fararen idanu yana jan ƙafa, ya bi mai rai ya cije shi, shi ma ya zama irinsu. Labarin na wa da ƙane ne da ke gudun tsira.

Ni kuwa ina da tsoron gawa, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san dalili. Ranar da kakanmu ya rasu, ina ɗan shekara goma sha biyu, aka aike ni ɗakinsa in ɗauko buta. An lulluɓe shi, amma ƙafarsa ɗaya ta fito, kuma da na sunkuya hannuna ya goge ta. Sanyin nan na daɗe ina jin sa a bayan hannuna. Ban gaya wa mahaifiyata ba, ban gaya wa kowa ba sai taubashina, muna zaune a kan dakalin gidansu.

Kunyar Madam ta hana ni tashi. Na daure, na riƙe gefen benci. A tsakiyar fim ɗin taubashina ya ce zai je ya yi fitsari. Ashe wurin mai sayar da ruwan leda ya je, ya tsoma hannunsa cikin ƙanƙara har ya sandare, ya zagayo ta baya ya rarrafa ƙarƙashin teburin yanka. Daidai lokacin da wata gawa ta miƙo hannu daga ƙarƙashin mota, na ji an damƙe mini idon sawu.

Ban san lokacin da na ce "Wayyo Inna!" ba. Na ture benci, na bangaje ƙofa, na tsinci kaina a tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya, wani mai keke mai ƙafa uku ya taka birki yana zagina. Da na waiwaya, Madam ta riƙe ciki, Baba ma yana share hawayen dariya da hularsa. Taubashina kuwa ya miƙa hannu tsakanin ƙullin zare a kan kanta ya ɗauko wayarsa. Tun kafin a kunna fim ɗin ya jingina ta a wurin tana ɗauka.

Na ce masa, "Goge."

Ya ce, "Haba taubashi, ai ya riga ya tafi."

Kafin la'asar bidiyon ya shiga gurup ɗin telolin unguwa. Washegari mai shayi ya tarbe ni da "Wayyo Inna, madara nawa?" A lokacin ina neman wata yarinya a unguwar Gwallaga, magana ta yi nisa har an kai gaisuwa. Ranar Juma'a da na je, yayyenta biyu na zaune a ƙofar gida. Ɗaya ya leƙa zaure ya ce, "Ki fito, ga Wayyo Inna ya iso." Da ta fito ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sai ta dubi ƙafata, ta kai gefen mayafinta baki, kafaɗunta suna rawa. Duk dariyar da aka yi mini a Wunti ba ta yi mini ciwon wannan ba. A kan hanyar komawa gida na yanke shawarar sai na rama, kuma ba zan yi gaggawa ba.

A shago kuwa wata rigimar ce ta tashi, a kan yadda fim ɗin ya ƙare. Ni ban ga ƙarshen ba, don haka na karɓi filashin na kai gida, na kalla ni kaɗai da hantsi, taga a buɗe. Sau uku na kalle shi a mako guda, ina tilasta wa kaina kada in kau da kai.

Ga yadda ya ƙare. Wan da ƙanen suna gudu zuwa wani sito mai ƙofar ƙarfe, gawawwaki na biye da su. Wan ya riga shiga. Ƙanen na baya da kamar taku goma, ya yi tuntuɓe. Wan ya dube shi, ya dubi abin da ke bayansa, ya rufe ƙofa ya danna sakata. Ya ji ana dukan ƙofar, daga baya ya ji shiru. Da gari ya waye, haske na shigowa ta ramukan kwano, sai aka ƙwanƙwasa sau uku a hankali, wata murya ta ce, "Yaya." Wan ya ɗora hannu a kan sakata. Nan hoton ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa.

Baba ya ce yaron yana da rai. "Duk tsawon fim ɗin nan, kun ji gawa ɗaya ta yi magana? Gurnani suke yi. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi ya kira ɗan'uwansa, mutum ne."

Madam ba ta yarda ba. "Baba, ka manta wannan nas? An cije shi, ya yi magana kaɗan kafin ya canza. Yaron ya mutu. In ya buɗe ƙofa, shi ma ya gama."

Wani malamin makaranta da ke kawo mana ɗinki ya saurare su, ya ce duk ba haka ba ne: babu kowa a bakin ƙofar, wan ne ya zauce, abin da ya aikata ne yake kiransa. Baba ya ce wannan fassarar 'yan boko ce. Mai shayi ya ce masu fim ɗin ne suka rasa abin da za su yi, suka bar mu da gardama. Har wani mai acaba da ya fake wa rana a rumfarmu sai da ya sa baki, ya ce shi da ba zai buɗe ba ko muryar uwarsa ya ji.

Taubashina kullum da sabon ra'ayi yake zuwa, amma abu ɗaya bai taɓa canzawa ba: wan bai yi laifi ba. "Ni ma haka zan yi," in ji shi, yana jan alli a kan shadda. "Mutum biyu su mutu ko ɗaya ya tsira? In ka tsaya jiran mai tuntuɓe, kai ma ka tafi."

Wata rana Madam ta juyo gare ni. "Kai fa? Kullum shiru."

Na ce, "Yana da rai. Ba a cije shi ba, hankalinsa ɗaya. Ya kwana a ɓoye yana tuna wanda ya rufe masa ƙofa. Da safe ya je ya jawo gawawwakin a bayansa, sannan ya zo ya ƙwanƙwasa."

Baba ya ɗago kai daga allurar da yake sa wa zare ya dube ni ta saman tabarau.

Taubashina ya kwashe da dariya. "Kai da ka gudu tun a tsakiya, ina ka samu bakin magana a kan ƙarshe?"

Ni ma na yi dariya. A makonnin nan na koyi yin dariya da su. In an ce Wayyo Inna, in amsa. In na sayo awara, in tura masa ledar ya ɗiba. Shi ya ɗauka maganar ta wuce.

A bayan shagonmu akwai wani ɗan ɗaki da muke ajiye yadi. Ba shi da taga sai wata kafa a saman ƙofa, ƙofar kuma ta ƙarfe ce, sakatarta a waje. Taubashina kan shiga ciki bayan ya ci abincin rana ya kwanta a kan tabarma, kuma barcinsa nauyi gare shi. Baba kuma duk Talata yakan shiga kasuwa sayen yadi, ba ya dawowa sai la'asar. Madam tana da mutum-mutumin roba da take rataya wa kaya, tsawon mutum, mai kai babu gashi. Na ce ta ara mini zan gwada faɗuwar wata riga. Na sayi farin alawayyo, irin na likkafani, yadi biyar.

Mako bakwai bayan abin da ya yi mini, ranar wata Talata, na jira har na ji minsharinsa. Na shimfiɗa alawayyon a kan teburin yankansa, na kwantar da mutum-mutumin, na naɗe shi yadda na sha gani a wurin jana'iza, na ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Na barbaɗa masa kafur ɗin da muke sa wa kaya saboda ƙwari. Da na gama na ja da baya na dube shi. Na kusa kwance shi in fasa. Sai na tuna gefen mayafin nan a bakinta, na sunkuya na ɗauka.

Na shiga da shi a hankali na kwantar a gefensa, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Na fito na danna sakata. Na hau kujera na saƙala wayata a kafar saman ƙofa tana kallon ciki. Sannan na sauko na ƙwanƙwasa sau uku, na ƙanƙantar da murya na ce, "Yaya." Ban taɓa kiransa da wannan sunan ba a rayuwata.

Sai da na maimaita minsharin ya tsaya. Na ji ya juya. Na daɗe ina jira, har na fara zaton bai gani ba. Sai na ji ya ja numfashi da ƙarfi, ya fara a'uziyya yana sarƙewa, ya faɗo kan ƙofar da dukan jikinsa.

"Waye a nan? Baba? Madam?"

Na tsaya a bakin ƙofar ina saurare.

"Taubashi, na san kai ne. Buɗe."

Na sa hannuwana cikin aljihu.

"Na ce na san kai ne. Ka rama, shi ke nan, ka rama. Buɗe mini."

Ya sani sarai ni ne, amma ƙamshin kafur ya cika ɗakin, kuma duk inda ya juya a wannan ƙuncin sai ƙafarsa ta taɓa abin. Muryarsa ta fara tsinkewa. Ya haɗa ni da girman Allah, ya haɗa ni da darajar iyaye. Ina tsaye ina jin wani daɗi da ban taɓa jin irinsa ba, yana sauka mini tun daga ƙirji har ciki. Abu ɗaya nake jira, in ji ya kira uwarsa. Ya kira ta. Ya kira ta sau biyu yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kuma ko bayan nan ban buɗe ba, na ƙara masa wasu mintuna.

Madam ce ta shigo da gudu, ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ture ni gefe ta zare sakata. Ya fito yana rarrafe. A ƙasan ƙofar akwai inda ƙarfen ya tsage saboda tsatsa, ashe nan ya cusa hannu yana ƙoƙarin ɓanɓarewa. Tafin hannunsa na dama ya tsage tsakanin babban yatsa da manuni, jini har gwiwar hannu. Madam ta yagi ƙyalle ta ɗaure masa, ta tare keke ta tafi da shi asibiti. Da ta zauna a cikin keken sai ta juyo gare ni. "Kai mugu ne," in ji ta. "Ban sani ba."

Da Baba ya dawo ya tarar da jini a ƙasa da abin a kwance a ɗakin yadi. Ya daɗe yana kallo. Shi da kansa ya durƙusa ya kwance ƙullin uku, ya ninke alawayyon, ya ce za a kai masallaci a ajiye wa wanda Allah ya yi wa rasuwa ba shi da hali.

"Likkafani ka mayar abin wasa, a shagona," ya ce. "Rigar da kai ma za ka sa."

Na ce, "Baba, ranar da ya yi mini nasa, dariya ka yi."

Ya shafa ninkin. "Na yi dariya, kuma ban kyauta ba. Amma ka tafi gida. Kada in gan ka sai na aika."

Na koma gida na zauna a tsakar gida da wayar a hannuna. Na riga na ji an yi masa ɗinki a hannu, an ce zai yi makonni bai riƙe almakashi ba. Da na so, da na tsaya a nan. Na kalli bidiyon sau biyu. Ɗakin da duhu, amma ana ganin farin abin a ƙasa, kuma muryarsa ta fito tas. Na tura shi gurup ɗin telolin, wurin da ya tura nawa.

Wasu sun yi dariya, har da masu cewa an yi kunnen doki. Wasu suka ce Allah wadai. Gardamar fim ta mutu a ranar, aka koma gardamar wane ne ya fi laifi tsakaninmu, kuma ita ma ba a daidaita ba. Mai shayi dai bai sake kirana da wancan sunan ba, haka ma yayyen yarinyar.

Ita kuwa da na je Gwallaga, ba ta zauna ba, a tsaye ta yi mini magana. "Malam, ranar nan na yi dariya, amma ban raina ka ba. Wanda bai taɓa jin tsoro ba, wa ya gan shi? Wannan da ka yi ne ya sa na ɗan ji tsoronka. Mako bakwai kana cin abinci da shi kana shirya masa wannan?"

Na ce mata ba ta san abin da ke tsakaninmu ba. Ta ce to in gaya mata. A nan na ba ta labarin ƙafar kakanmu, ta zama mutum na biyu da ya sani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce shi ya ci amana, ni kuma na wuce gona da iri, kuma in je in gaishe shi. Ba a fasa aurenmu ba, amma sai da ta yi wata guda tana amsa mini gaisuwa a taƙaice.

Gwaggo ce ta haɗa mu a ɗakinta, ta ji labarin tun daga ƙafar kakanmu. Yana zaune da hannu a naɗe, idonsa a ƙasa. Ta fara da shi, ta wanke shi tas a kan wasa da abin da aka ba shi amana. Sannan ta juyo gare ni.

"Da ka ji yana kirana, me ya hana ka buɗewa?"

Na ce, "Gwaggo, so nake ya ji abin da na ji."

"To ya ji. Ka ƙoshi?"

Na ce na ƙoshi. Ta ce mu yi musabaha, ya miƙo mini hannun hagu.

Bayan mako biyu Baba ya aika na koma. Ni na riƙa yin yankan har hannun ya warke, ina ɓata yadi, shi yana zaune a gefe yana nuna mini inda zan bi da alli, ba tsokana, ba dariya. Da ya koma riƙe almakashi, riƙon ya canza, yakan tsaya ya miƙe yatsun bayan kowace riga. Bayan babbar Salla ya kama nasa shagon a Gwallaga. Madam ta yi kusan shekara ba ta sayar mini da zare da hannunta ba, sai ta nuna mini kwalin in ɗauka.

Hannun nan na yi nadamarsa, kuma likkafanin na daɗe ina neman gafarar Allah a kansa. Mintunan da na yi tsaye a bakin ƙofar kuwa, na sha bincika zuciyata ko zan samu nadamarsu, har yau ban samu ba. Matata ta ce wannan shi ne abin da ya kamata in fi roƙon gafara a kai, wataƙila kuma gaskiyarta ce.

Watan jiya mun haɗu da shi a wurin sunan jikar Gwaggo. Aka zaunar da mu a tabarma ɗaya, aka kawo tuwo. Ya ɗauki kwanon ruwan wanke hannu ya miƙo mini, ya ce, "Bismilla, Malam." Na ce, "Na gode, Malam." Muka ci, muka yi maganar tsadar shadda da rashin wuta, aka shafa fatiha kowa ya kama hanyarsa.